Taken Lawali a Rediyo

Shekara ashirin ina yi wa Namadi amshi, ban taɓa ganin ya tofar da yawu don waƙa ba sai ranar da muka ji Sambo a rediyon mai shayi a Gwandu. Ni kuwa da ina da abin jifa a hannu da na rotsa akwatin nan.

Namadi makaɗin noma ne. Duk manomin da ya isa, daga Masama har Kalgo, yana da takensa a gangar Namadi. In ana gayya aka buga taken mutum, sai ya ɗaga hauya ya ce, "Ga ni!" ya faɗa aiki kamar an zuba masa wuta. In kuwa mai take ya rasu, a gayyar farko bayan mutuwarsa Namadi zai buga taken sau ɗaya a hankali, ya kira sunan, kowa ya yi shiru. Shirun nan shi ne binne take. Daga ranar ba a ƙara buga shi, iyalin mamaci su huta.

Lawali na Kalgo ya rasu a shekarar fari, wajen cin rani. Shekarar ba a yi gayya ko ɗaya ba, me za a nome? Haka takensa ya zauna ba a binne ba. Sambo kuwa, wanda muke amshi tare, wanda Namadi ya koya wa riƙon makaɗi, ya tsere birni da taken a bakinsa. Can aka haɗa shi da masu garaya da wani abin busa na Turawa, aka tsinka wa kiɗan gudu, aka zuba a faifai. "Lawali na Rabi, tashi rana ta yi!" Sai wasu 'yan mata masu murya kamar ta zabi su amsa, "Ga ni!" Iyakar waƙar ke nan. Ba gona, ba gero, ba kakannin Lawali da Namadi kan jero. Abu ɗaya ake ta nanatawa har faifai ya ƙare.

To wannan shirmen ne ya cika ƙasa. A shirin zaɓen masu sauraro ita ce farko ita ce ƙarshe. Mai gabatarwa har cewa yake ba a taɓa waƙar da aka nema kamarta ba. Yaran mota na yi, masu tallan goro na yi. Kaji ma da suna da baki da sun yi.

Rabi, matar marigayin, fura take sayarwa a kasuwar Kalgo, kuma rumfar mai garmaho, akwatin juya faifai, tana daura da ita. Ita ta aiko wa Namadi da saƙo ta bakin wani direba: a taimake ta a binne taken nan, kullum ana ta da mata miji tana dama fura. Da muka ji Sambo zai yi wasa a Kalgo ran kasuwa, sai Namadi ya rataya ganga muka shiga mota.

Mun tarar da Sambo a gindin wata tsamiya, an kafa masa lasifika. Ya sha wando mai faɗin ƙafa da tabarau baƙi, gashi ya yi tozo kamar ba wanzami a birni. Ya dai durƙusa ya gai da Namadi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Namadi ya ce, "Sambo, taken ga da kad ɗauka na mamaci na. Ba a rufe shi ba. Ka bar shi hakanan."

Sambo ya yi 'yar dariya. "Baba, ai ni na raya shi. Da can wa ya san Lawali in ba mutanen Kalgo ba? Yanzu har Ikko ana kiran shi. In waƙag ga ba ta da kyau, mi ya sa duniya duk ka son ta?"

Na ce, "Duniya na son rake ma, ta tauna ta zubar a hanya." Namadi ya harare ni.

"Ban zo gardama ba," in ji Namadi. "Ka ba ni fili in buga shi sau guda yadda a ka yi, a yi shiru, matatai ta samu lahiya. In an rufe, kai da Allah."

Sambo ya ce ai wannan ba komai, har da miƙa masa abin magana. Daga baya na gane murna yake yi, ya samu abin buɗe wasa kyauta.

Namadi ya ƙi karɓar abin maganar. Ya tsaya tsakiyar fili ya yi wa jama'a bayani da bakinsa: zai kira Lawali, kada kowa ya amsa. Tsofaffin manoma da ke gefe suka cire huluna suka sunkuyar da kai. Rabi ta bar ƙwaryarta ta matso, ludayi na hannunta, ta tsaya bayanmu. Sauran taron kuwa, samari da 'yan mata da 'yan ci-rani da suka cika wurin, surutunsu kawai suke yi.

Ya fara. Wallahi ban taɓa jin hannun Namadi ya yi daɗi kamar ranar ba. Gangar tana tafiya a hankali kamar mai bin kunya da hauya da sassafe. Ya jero kakannin Lawali, ya ambaci gonarsa ta bakin fadama da damman da ya taɓa ɗaurewa, ni ina karɓa. Wani saurayi ya yi ihu, "Tsoho, ba haka a ka yin ta ba!" Wata ta ce ya saci waƙar Sambo kuma ya kasa. Namadi bai kula ba. Ya kai gaɓar, ya ɗaga makaɗi, ya kira:

"Lawali na Rabi, tashi rana ta yi."

Ya sauke hannu. Numfashi ɗaya na shiru muke nema, ɗaya tak.

"GA NI!"

Kasuwa duka ta amsa. Da tafi, da shewa, da tsalle. Ba mugunta suka yi ba, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. An saba musu ne kamar yadda ake saba wa akuya da ƙarar kwanon dusa.

Rabi ta jefar da ludayi ta kutsa cikin fili tana kuka. "Ba ku na ba! Ba ku a ka kira ba! Ku bar min shi ya kwanta!" Aka fashe da dariya, an ɗauka cikin wasan ne. Kafin tsofaffi su janye ta, masu garayar Sambo sun tsinke da nasu kiɗan, ƙura ta tashi. Ina kusa da Sambo na ji ya duƙa yana ce wa mai busarsa, "Ka riƙe maganag ga tata, ta yi daɗi."

Muka koma Gwandu. Take sau ɗaya ake binne shi, kuma an amsa.

Rabi ta bar kasuwar Kalgo ta koma wurin danginta a Dalijan. Bayan girbi ina zaune wurin mai shayin nan aka saka sabon faifan Sambo. Kiɗan dai shi ne, kiran shi ne, sai dai bayan "Ga ni" an ƙara wata yarinya tana maƙale murya kamar mai kuka: "Ba ku na ba, ku bar min shi ya kwanta." Mai gabatarwa ya ce wannan ta ma fi ta farko samun masu nema. Mai shayi ya ƙara murya, ya ce mini ƙanensa ya sayi rediyo jiya, zai kai Dalijan.