Harafi Ɗaya da Ya Kuɓuce

"Faɗa mata dai, Dakta, daga gidan wa aka kwaso mana shi," in ji Hajja Awaɗif tun ba ta gama zama ba.

Nirmin ta gyara wa Hamada zama a cinyarta, ta ciji leɓe. Tun ranar da ta haifi yaron nan da gajerun ƙafafu da ƙaton kai, babu gidan da surukarta Hajja Awaɗif ba ta shiga ba a unguwarsu ta Mansura, tana yaɗa cewa jinin dangin Nirmin gurɓatacce ne. Magana ta kai gidan saurayin Shaima, ƙanwar Nirmin. An fa riga an karanta Fatihar baiko, amma mutanen nan suka aiko a mayar musu da zinaren da suka kawo. Midhat kuwa, mijin Nirmin da ke zaune nan gefenta, bai taɓa tsawatar wa uwarsa ba!

Dakta Rifa'at ya ɗauko wani abu na roba, kamar tsanin da aka murɗe.

"Wannan shi ne DNA, Hajja, rubutun halittar mutum. Igiya biyu ce, kowane harafi riƙe da abokinsa. In za a kwafa sai ta tsage biyu, a gina wa kowane ɓari sabon aboki. Akwai ma mai bin baya yana gyara kuskure. Sai dai cikin biliyoyin haruffa, ɗaya kan kuɓuce."

"Ni ba makaranta na zo ba, ɗana. Ɓarin wa?"

"Mun gwada uwar da uban duka, babu mai ɗauke da shi. Sabon kuskure ne, ba laifin kowa ba. Amma tunda kin nace, irin wannan kusan kullum ta wajen uba yake faruwa, musamman in ya manyanta."

Hajja Awaɗif ce fa ta hana Midhat aure har furfura ta cinye masa kai, wai sai ya aurar da ƙannensa tukuna.

Hajja Awaɗif ta ja mayafinta, ta tausasa murya. "To, ikon Allah ke nan. Wa ya isa ya ja da ƙaddara?"

Nirmin ta juyo ta fuskance ta.

"Au, yau ƙaddara ce? Da kike bin gida-gida da sunan ubana a baki, ina ƙaddarar take?"

"Nirmin, don Allah ki rufa mini asiri," in ji Midhat ƙasa-ƙasa.

"Shaima wa ya rufa mata nata?"

Ta zaro waya, ta kira uwar saurayin Shaima, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ta danƙa wa tsohuwar a tafin hannu.

"Alo? Wa ke magana?" in ji matar daga can.

Hajja Awaɗif ta dubi ɗanta. Ya sunkuyar da kai.

"Fara da sallama, Hajja," in ji Nirmin. "Sauran gidajen da ƙafa za mu je."