Hancin Baba Ƙarfe

"Kar ka fyace hanci, sati biyu cur," in ji likita, tana nuna hoton ƙashin a jikin fitila. "Ƙashin ƙasan idon nan ya tsage, kuma siriri ne kamar ɓawon ƙwai. In ka fyace, iska za ta bi tsagar ta cika fatar idon."

Baba Ƙarfe ya yi tsaki. Sifana ce ta kuɓuce masa a gareji ta doke shi a ido, amma abin bai kai maganar nan ɓata masa rai ba.

"Likita, ni ba na mura. Kuka kuwa, rabona da shi tun ina goye."

"Shaida ce ni," in ji matarsa. "Ko albasa tsoronsa take ji."

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Saura kwana uku ta tafi jami'a mai nisa, kuma har yau uban bai ce uffan ba. Jiya ma ya ji ta tana ce wa uwar, "Baba ko a jikinsa." Maganar ta soke shi, amma ina zai sa bakin gyara ta? Mutumin da garejin kaf ke kira Ƙarfe!

Ranar tafiya suka raka ta tasha. Uwar tana ta sharɓe hawaye, shi kuwa umarni kawai yake zubawa: riƙe jaka da kyau, kar ki ci abin hannun kowa. Auta ta ce "To, Baba," ta shiga ta zauna jikin taga, ta kawar da kai.

Baba Ƙarfe ya sauke ido kan ƙasan motar.

"Bari in duba tayoyin motar nan," ya ce. "Ban yarda da direbobin zamani ba."

Ya zagaya bayan motar ya durƙusa. Hawaye suka ɓalle kamar an kunce famfo, hanci ya bi sahu. Ya ciro hankici, ya manta da likita, ya fyace da ƙarfin shekara hamsin.

Ya dawo yana kaɗe hannu. "Tayoyi lafiya lau."

Duk suka zuba masa ido. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf, kamar an hura balan-balan. Matar ta dube shi, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Malam, fyacewa ka yi?"

"Hayaƙin mota ne."

"Baba, ai ban tada ta ba tukuna," in ji direba.

Auta ta sauko da gudu, tana dariya tana kuka. Ta karɓe hankicin, ta goge masa hanci a hankali.

"Daga nan asibiti za ku wuce," ta ce. "Kuma in na kira waya, Mama ce za ta riƙe hankicin nan."