Takalmin Yaya, Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya Auta ta yi tana sayar da takalman mata, kuma in akwai abin da take taƙama da shi a duniya, to sanin ƙafa ne. Mace na shigowa shagonta, tun kafin ta zauna a bencin gwaji Auta ta riga ta faɗi lambarta a zuci, da wuya kuma ta kuskure. Tana da doka guda da take karanta wa kowace mai saye, har maƙwabtanta masu sayar da jakunkuna sun haddace suna kwaikwayonta: kada ki auna ƙafa da safe, ki bari sai yamma, lokacin da ƙafa ta sha yawo ta buɗe. Dokar gaskiya ce, ba ta da aibi. Amma ita ce ta kai Auta ta baro ranar da ta auna ƙafar yayarta.

Yaya ita ce babba a gidansu, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu. Shekara ashirin da shida tana aiki a ɗakin cin abinci na wani babban otal. Ta fara daga goge cokula har ta zama shugabar masu kai abinci tebur. Wata huɗu da suka wuce jininta ya hau, ta yanke jiki ta faɗi a bakin aiki, ɓarin hagu ya ɗan taɓu. Ta sha jinya, baki ya koma daidai, hannu ya dawo yana riƙe kofi. Sai ga saƙo daga manaja: ta zo ranar Litinin ƙarfe tara cikin kayan aikinta, ta ɗauki tire ta zaga tebura ya gani da idonsa. In ta iya, gurbinta na nan. In ba ta iya ba za a ba wata, don otal ba zai ci gaba da jira ba.

Kayan aikin kuwa ba sa canzawa: farar riga, baƙin siket, da baƙin takalmi sau-ciki mai ɗan tudu a dunduniya. Riga da siket suna nan a goge. Takalmi ne babu. Tsofaffin guda biyu Auta da kanta ta kwashe ta bayar tun Yaya na asibiti, wai ba za a ga yayar mai shagon takalmi da wannan tsumma ba. Ko da suna nan ma a lokacin ba za su shiga ba, don ƙafafun Yaya sun kumbura suntum saboda zama wuri ɗaya.

Ranar Talata da yamma, bisa doka, Auta ta durƙusa ta auna. Ƙafar da ta saba da talatin da tara ta koma arba'in da ɗaya. A shagonta babu irin wannan takalmin, duk na ƙwalisa ne masu tsini da ƙyalƙyali, saboda haka ta sa dilan da ke kawo mata kaya ya nemo mata mai kyau, fata zalla. Ranar Laraba likita ya ƙara wa Yaya wata 'yar farar ƙwaya mai sa yawan fitsari, ya ce za ta sauke kumburin. Auta ce ma ta sayo ƙwayar da hannunta, amma ko kusa ba ta haɗa ta da maganar takalmi ba. Ranar Asabar takalmi ya iso a kwalinsa.

"Kawo in gwada," in ji Yaya.

"Gwajin me? Ni fa na auna. Ki bar shi a kwali kada ya yi ƙura."

Haka aka bar shi a kwali har safiyar Litinin.

Ƙarfe bakwai Yaya ta gama shiri ta zauna a bakin gado, ta zura ƙafa. Ƙafar ta shige ba ko gardama. Ta miƙe ta yi taku ɗaya, dunduniya ta fito fit, takalmi ya tsaya a inda yake. Auta ta kalli ƙafar yayarta. Kumburi ya sauka sarai, har jijiyoyi sun fito, tsakanin dunduniya da bayan takalmi kuwa yatsa biyu sai su shige.

"Wannan ai da ni da ke duk za mu shiga," in ji Yaya, tana dariya.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta zube a ƙasa ta jawo jakarta, ta shiga yin duk dabarun da take koya wa mutane a shago. Ta yagi auduga ta dunƙule ta cusa a bakin takalmin, wajen yatsu. Ta ɗauko sabon soson wanke-wanke, ta yanka shi siriri da reza, ta liƙa a cikin bayan takalmin da filasta. Ta yanko kwali daidai tafin ƙafa ta shimfiɗa a ciki. Ta ce a ƙara safa a kan safa, Yaya ta ce siririya ɗaya otal ya yarda da ita, ita kuma ba yau za ta fara karya dokar da ta sha korar yara a kanta ba.

"Taka mu gani."

Yaya ta taka daga gado zuwa ƙofa. Na dama ya kama, ya zauna daram. Na hagu kuwa duk taku sai ya buɗe baki ya saki dunduniya, ya biyo baya yana jan ƙasa.

"Na hagun nan kamar ya fi girma," in ji Auta. Ta haɗa su tafi da tafi ta duba, ta ga babu bambanci. Duk da haka ta ƙara masa auduga.

A tashar mota akwai wani dattijo mai gyaran takalmi da ke fitowa tun sassafe. Auta ta ja Yaya zuwa wurinsa, ita da ta saba raina aikinsa. Ya juya takalmin, ya latsa bayansa da babban yatsa, ya zaro soson ya ajiye gefe kamar abin ƙyama.

"'Yata, takalmin da ya matse ana buɗa shi. Wanda ya yi yawa kuwa sai dai a lallaɓa. Lamba biyu fa kika tsallake."

"Na sani, Baba. Ka dai yi wani abu."

Ya yanko 'yar fata mai kaushi ya shafa gam, ya hura mata iska, ya manna a ciki. Ya ce in ana son a kwana lafiya, a bari ya ɗinka roba ta ratsa saman ƙafa.

"Roba? Kamar 'yar aji ɗaya?" in ji Yaya. "A'a, Baba, na gode. A haka za ni."

A cikin mota Auta ta riƙa kallon agogo tana kallon ƙafar. Ta yi tunanin shagonta, ta bi kantocin ɗaya bayan ɗaya a zuci, babu ko ƙafa ɗaya da za a shiga otal da ita. Kantunan da ke sayar da irinsa ba sa buɗewa sai goma. Ita dai ga ta nan, da sauran auduga a jaka, ba ta da abin yi.

Ɗakin cin abincin babu baƙo ko ɗaya, an gama karin kumallo an share. Tayil ɗin ƙasa yana sheƙi, tebura sun sha fararen ƙyallaye. Ma'aikata suka fito daga kicin suna murna, wannan ta rungume Yaya, wancan yana "Anti, sannu da jiki." Manaja ya zo da kansa ya gaishe ta har da ɗan rusunawa, don ita ta koya masa ninke tsumman tebur lokacin da ya zo sabo. Kana ganinsa ka san ba ya son abin da zai yi, amma shi ma akwai na sama da shi.

"Anti, ba wani abu ba ne. Daga nan zuwa teburin bakin taga, ki juyo. Shi ke nan."

Aka ɗora kofunan gilashi shida cike da ruwa a kan tire. Yaya ta ɗauka da hannun dama, ta ɗaga shi daidai kafaɗa, ta miƙe ƙyam. A wannan tsayuwar kaɗai babu wanda zai ce ta taɓa kwanciya ciwo. Auta ta raɓe a bakin ƙofar kicin tare da sauran, hannunta cikin jaka yana murza auduga.

Taku na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku aka fara jin sautin. Na dama ya ce ƙwas, na hagu ya ce shaa. Ƙwas, shaa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai shi. Auta tana ganin dunduniyar tana leƙowa tana komawa, tana ganin yadda Yaya ke jan ƙafar don kada takalmin ya kuɓuce. Ji ta yi kamar ta rarrafa ta bi ta a baya tana riƙe mata shi da hannu. Ta ƙirga tebura: saura huɗu, saura uku, saura biyu.

Yaya ta kai bakin taga. Wajen juyowa ne ƙafa ta juya, takalmi bai juya ba. Ta yi taga-taga, kofuna suka kaɗu, ruwa ya zubo mata a hannun riga, amma ko ɗaya bai faɗi ba. Ta tsaya cak da ƙafa ɗaya cikin safa. Takalmin yana gefe a kife, dunƙulen auduga ya gangaro kan tayil kowa yana gani.

Auta ba ta san lokacin da ta isa gaban manaja ba.

"Yallaɓai, wallahi laifina ne. Ni na sayo takalmin, ya yi mata yawa da lamba biyu. Ƙafarta ce ta kumbura na auna, kumburin ya sauka. Ka duba ka gani, duk auduga ce a ciki. Don Allah kada ka duba wannan."

Manaja ya saki ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. Da ma neman mafita yake.

"Ai sai ki faɗa tun ɗazu! Anti, cire ɗayan ma, ki taka da safa. Ba baƙo a nan, mu ne kawai."

Kowa ya juya yana kallon Yaya. Ita kuwa ba ta sunkuya ba. Ta daɗe tana kallon tsawon ɗakin, daga taga har ƙofar kicin. Sannan ta sauke tiren a kan tebur a hankali, ta jawo takalmin da yatsun hannu, ta zauna a kujera ta mayar da shi ƙafarta.

"Shekara ashirin da shida ban taɓa taka ɗakin nan ba takalmi ba," ta ce. "Ba zan fara yau ba."

"To a ba mu zuwa Alhamis," in ji Auta da sauri. "Zan kawo talatin da tara, daidai ita."

"Alhamis ta yi," in ji manaja.

"Kada ka ɓata wa kanka lokaci, ɗana. Ka ba yarinyar da ke riƙe da wurin, na ji an ce tana ƙoƙari." Yaya ta miƙe, ta gyara wuƙar da ta karkace a kan teburin, ta yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya.

Auta ta danne fushinta har suka fita ta ƙofar ma'aikata, suka zauna a bencin jiran mota. Nan ta fashe.

"Haba Yaya! Mutum ya ba ki dama har sau biyu kin watsa masa ƙasa a ido? Saboda girman kai? Saboda takalmi? Ni na ɓata, ki bar ni in gyara mana!"

Yaya ta zare ƙafar dama daga takalmi ta miƙe ta, ta ɗaga yatsun sama, ta sauke, ta sake ɗagawa. Sannan ta zare ta hagu ta miƙe ta kusa da ita. Auta tana ganin yadda ta cije leɓe, jijiyar wuyanta ta tashi. Ƙafar tana nan a lanƙwashe, yatsun suna kallon ƙasa, babban ne kawai ya ɗan motsa.

"Duka biyun kika cusa wa auduga," in ji Yaya. "Ta dama ai ta riƙe nata."

Duk fushin Auta ya zube, tsoro da tausayi suka maye gurbinsa. Wata huɗu tana kallon yayarta tana jan silifa a tsakar gida, tana cewa kasalar jinya ce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun a asibiti."

"To me ya sa kika bari muka zo?"

"Na ce ko Allah zai sa in ina ganin teburan ƙafar ta tuna." Ta goge hannun rigarta da ya jiƙe. "Da na cire takalmin nan, da yaran da na koya wa tafiya sun ga yadda nake tafiya yanzu. In an tambaye ki a gida, ki ce takalmi ne ya yi mini yawa. Kin ji, Auta?"

"Na ji, Yaya."

Mota ta tsaya can gaba da bencin, wajen taku goma sha biyar. Auta ta durƙusa a kan titi, ta yagi sauran audugar ta cusa a na hagun, ta kama dunduniyar yayarta da hannu biyu ta saka mata. Hawaye yana ɗiga a kan baƙar fatar, tana gogewa da gefen hannu kada Yaya ta gani.

"Tashi mana," in ji Yaya. "Direban nan ba zai jira mu ba."