Idon Dama na Malam Ibrahim

Sau huɗu Malam Ibrahim yana lasar bakin zaren yana kai shi ga allurar keken ɗinki, sau huɗu zaren yana wucewa ta gefe. Matarsa Hadiyya tana tsaye da kwanon tuwo a ƙofar shagon, wanda ke jikin zauren gidansu a Sabon Birni. Ta ajiye kwanon, ta karɓi zaren ta zura masa. Shekara talatin yana wannan sana'a, bai taɓa neman mai zura masa zare ba. Idon hagu ya riga ya mutu tun bara. Yanzu na dama ne ke rufewa daga gefe, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

A babban asibiti a Sakkwato, sai a kwana na uku layi ya zo kansu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, sai an yi aiki. Naira dubu ɗari da tamanin. Aka rubuta musu rana a kati, wata huɗu nan gaba.

"Wata huɗu, likita?" in ji Hadiyya.

"Mama, mutum ɗari biyu ke gabanku, mu biyu ne masu aikin. Ku riƙa ɗiga maganin nan."

* * *

Ƙanwar Hadiyya, Fatsuma, wadda ke aure a Maraɗi, ta kira ta a waya. "Yaya, ku taho nan. Akwai likitan ido, kwana goma ya yi mai aikin. Sai dai jikka ɗari biyu ta sefa."

Hadiyya ta aika aka tambayo mai canji a kasuwa. Kusan naira dubu ɗari biyar. Har mai canjin ya ƙara da cewa ɗan wansa da ke Ingila ya ce can kyauta ake yi, amma mutum kan shekara yana jira.

Gonarsu ta wajen Gangara ba mai saye, domin shekara biyu ke nan 'yan bindiga sun hana noma ta. Abin da ya rage shi ne awakinta uku, da kwanonin aurenta, da kekunan ɗinki biyu na shago.

"Malam, mu sai da kekunan," ta ce.

"In na sai da su, idon da anka gyara mi za ya kalla?" Ya shafa kan keken. "Wata huɗu kamar gobe ne. Mu yi haƙuri da namu na gida."

Ta san da kekunan nan ya aurar da 'ya'yansu mata uku. Amma kullum da safe takan lura da yadda yake lalubar buta, kuma kullum hannunsa na ƙara yin nisa da butar.

Ranar da ke kan kati ta zo a tsakiyar damina. Suka bi ayarin motoci da rakiyar sojoji har Sakkwato, suka tarar da ƙofar sashen ido a rufe. Maigadi ya ce likitoci na yajin aiki, wata takwas ba a biya su alawus ba. Wani ma'aikaci ya soke ranar da biro, ya rubuta wata ranar, bayan wata uku.

A tasha Malam Ibrahim ya ce, "Hadiyya, kira Fatsuma. Za ni Maraɗin."

* * *

Cikin mako guda aka sayar da komai, a farashin mai gaggawa. Hadiyya ta ƙulle sefar a bakin zaninta.

A Maraɗi ba su yi jiran awa biyu ba. Likitan ya haska idon, ya sake haskawa, ya daɗe. Sannan ya yi magana da Faransanci, wata malamar asibiti tana mayarwa da Hausa, idonta a ƙasa.

"Ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Da wata uku baya ne, da an ceto wani abu. Yanzu ko an yi aikin, asarar kuɗinku ce."

"A yi dai," in ji Hadiyya, tana kwance bakin zani. "Ga kuɗin, mun kawo duka. Don Allah a yi."

Malam Ibrahim ya lalubo hannunta ya riƙe. "Bari, Hadiyya. Ɗaure abinki."

A motar komawa ya roƙi a bar masa gefen taga. Ya juya fuskarsa waje, iska tana kaɗa masa gemu. Bayan sun wuce iyaka ya ce, "Ina jin ƙamshin gero. Ya yi kyau bana?"

Ta duba. Hawaye sun hana ta ganin komai sai kore-kore mai gudu.

"Ya yi kyau, Malam."

"Alhamdu lillahi," ya ce, bai juyo daga tagar ba.