Ankon Taron Injiniyoyi

Tun da Alhaji Ganiyu ya rasu, matarsa Hajiya Mulikat ba ta sake taka Kantin Kwari ba. Takaba ta ƙare, 'yan gaisuwa sun watse, maƙwabtan shago sun yi ta aike har sun gaji, ita kuwa tana ɗakinta a Fagge, daga sallaya sai gado. Matar da ta shekara aru-aru tana juya diloli da 'yan dako, yanzu sai ka matso kusa kafin ka ji amsar gaisuwarta. Wannan shiru ya hana 'yarta Ramota sakat. Tsoronta ɗaya, kada zaman ɗakin nan ya cinye mata uwa, ta wayi gari ba uwa ba uba.

Ramota injiniya ce, kuma ita aka naɗa sakatariyar kwamitin shirya wani taron ƙasa da ƙasa kan wutar sola da za a yi a Kano. Aiki ne mai cin rai. Wannan bizarsa ta maƙale, wancan ba ya cin nama, wata daga Indiya kullum cikin canza jirgi take. In ta dawo gida sai ta zauna a gefen gadon uwar tana ba ta labari. Ba amsa take jira ba, so take ɗakin ya ji muryar mutum.

Ran nan tana cikin cewa baƙi za su zo daga Kenya da Jamus da Brazil, sai Hajiya ta yunƙura ta tashi zaune.

"Wane anko kuka fitar?"

"Anko kuma, Mama?"

"Ki tara mutane daga uwa duniya, kowa ya shigo da kayan jikinsa kamar fasinjojin tasha? Haba Ramota, a gidan wa kika tashi?"

Ramota ta yi dariya, ta ɗauka magana ce ta wuce. Ashe ba ta wuce ba. Washegari da ta dawo ba ta sami uwar a gida ba, aka ce ta tafi kasuwa. Ta tari ɗan sahu ta bi ta. Sai ga shago a buɗe, an share an kakkaɓe, ga Hajiya tsaye ta ci ɗamara da gyale tana yi wa tela faɗa. A gabanta an jibge dilar wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye ruwan zinare.

"Yauwa, zo nan," in ji ta. "Bajamushen nan naku dogo ne ko gajere? Kar a ɗinka masa wando ya tsaya a ƙwauri."

Daɗi ya kama Ramota har ta ji hawaye na neman zubowa, amma gabanta ya faɗi. Ta san taron injiniyoyi ba biki ba ne, ta kuma san in ta faɗi haka, matar nan za ta iya rufe shago ta koma gado. Sai ta ce za ta tambayo tsawon Bajamushe.

Ta karɓi ƙyallen atamfar ta nufi Sabon Gari, ofishin Chiamaka, abokiyar aikinta mai kula da masaukin baƙi, inda kwamitin ke zama. Shugabansu, Farfesa Bahauddeen, mutumin kirki ne. Ya saurare ta har ta gama, ya shafa ƙyallen, ya yaba.

"Amma Injiniya," ya ce, "mutanen nan bincike za su zo gabatarwa. Da wane baki za mu ce wa farfesan wata ƙasa ya turo mana awon ƙugunsa? Ki ba Hajiya haƙuri."

Bayan an tashi Chiamaka ta ja ta gefe. "Ki ce mata sun karɓa kawai. Ki kawo kayan gidana in ɓoye."

Ramota ta girgiza kai. Matar da ke gane jabun atamfa da taɓawa ɗaya ba za a yi mata wannan ba, kuma ko da za a iya, ita ba za ta yi wa uwarta ƙarya ba.

Da la'asar ta koma shago ta faɗi gaskiya, ba ta rage komai ba. Hajiya ta kwance ɗamarar a hankali, ta zauna a kan benci, ta sallami tela da hannu.

"Kin san atamfar nan?" Hajiya ta tambaya can ƙasa-ƙasa. "Babanki ne ya zaɓe ta. Ranar da kika gama jami'a ya sa aka kai dilar can ciki, ya ce ba ta sayarwa ba ce, ankon bikin Ramota ne. An yi ta naci ya hana. To, bai ga bikin ba, ni ma ban san ko zan gani ba. Da na ji kin tara duniya, sai na ce ai ga taron 'yarsa ya zo."

Ramota ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar uwar ta yi kuka sosai, ba ta damu da masu wucewa ba. Da ta samu kanta ta ce, "Mama, a yanka mana mu biyu. Ni zan yi jawabin maraba, kuma da ita zan yi. Amma sai kin zo."

"Ni me na sani a sola? Turancin ma na ciniki kawai nake ji."

"Ba sai kin ji ba. Ki dai zauna inda zan gan ki."

Hajiya ta miƙa hannu ta jawo almakashi.

Ranar buɗe taro zauren ya cika da kwat da manyan riguna. Ramota ta hau dandamali cikin shuɗiyar atamfa, tana ta raba ido. Can ta hango uwar a sahun gaba, ta kafa ɗaurin kai irin na Yarabawa, har bawan Allahn da ke bayanta sai leƙe yake ta gefe. A kujerar da ke kusa da ita ta ajiye wani yankin atamfar a ninke, rabon namiji guda.

Chiamaka ta shigo da wani baƙo da ya makara, ta ga kujera ba kowa, ta sunkuya da ladabi. "Mama, ko za a ɗan ɗauke wannan baƙonmu ya zauna?"

Hajiya ta dafa atamfar da tafin hannunta. "Da mutum a nan, 'yata. Wurin baban mai taron ne."

Chiamaka ta dubi Ramota, sannan ta ja baƙon zuwa sahu na biyu. Ramota ta gyara makirufo, ta dubi atamfar da ke ninke a kan kujerar. Duk zauren ya yi tsit yana jiran ta, uwar kuwa ta gyaɗa mata kai alamar ta fara.