Sabon Gurbi a Kwatangwalon Direba

Likita ta ɗora wani farin abu na roba a kan tebur, ta tura shi gaban Direba.

"Baba, ga ƙashin kwatangwalonka. Daga hoton da muka ɗauka inji ya ƙera shi, girma da kama duk naka ne."

Direba ya jujjuya shi. Inda ya kamata a ga gurbi mai santsi kamar ƙoƙo, rami ne wagege. Ya zura yatsunsa suka ɓulla ta baya.

"Kai! Da wannan nake yawo?"

"Da shi kake kwance dai," in ji matarsa.

Shekarun baya an sa masa gaɓar ƙarfe a kwatangwalo. Sannu a hankali ƙoƙon gaɓar ya kwance, yana motsi yana cin ƙashin da ke riƙe da shi, har tafiya ta gagara.

Likita ta yi bayani dalla-dalla, tana nunawa da biro. Za su cire tsohon ƙoƙon, su shimfiɗa raga ta ƙarfe a gindin ramin. Sai su zuba niƙaƙƙen ƙashi daga ma'ajiyar asibiti, su kirɓa shi da guduma har ya yi tauri. Ta sama, inda bangon ya zube, za su ɗaura wani guntun ƙarfe da sukurori, sannan sabon ƙoƙo ya zauna.

"Cikon ramin titi ke nan," in ji Direba. "Allah ya sa ba irin wanda ruwan farko ke kwashewa ba."

Likita ta yi dariya, sannan ta dube shi. "Ba zan ɓoye maka ba, Baba. In ragowar ƙashin ya ƙi riƙe sukurori, sai mu rufe ba gaɓa. Keken marasa lafiya ne zai zama ƙafarka."

"A yi kawai, 'yata. Da zaman banza gara aikin."

Ranar tiyata, da aka ɗaga tsohon ƙoƙon, mataimakin Likita ya ja numfashi. Ɓarnar ta fi yadda roba ta nuna. Likita ta murɗa sukuru na farko, ya yi ta juyawa kamar a cikin burodi. Na biyu ma haka.

"Mu haƙura mu rufe?" mataimakin ya tambaya.

"Tukuna. Miƙo min robar nan kusa."

Wata nas ta ɗaga robar inda fitila ke haskawa. Tun kafin ranar, Likita ta riga ta huda robar a wurare da dama tana gwaji, ta kuwa lura da wani kauri can ta baya. Ta karkata hannu, ta saita wajen. Sukurun ya shiga yana turjewa, ya cije.

"Ya kama! Wani, maza!"

Aka shimfiɗa raga, aka zuba ƙashi, guduma ta shiga aiki, kwas, kwas, kwas, har sautin ya koma na abu mai tauri. Da sabon ƙoƙo ya zauna, Likita ta kama mariƙinsa ta girgiza da ƙarfi. Ƙoƙon bai ko gusa ba, ƙugun Direba ne gaba ɗaya ya motsa tare da shi. Mataimakin ya yi ihun murna a cikin takunkumi.

Washegari mai gashin ƙashi ta kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Direba har ya yaye mayafi kafin ta ƙaraso.

"A hankali, Baba! Cikon bai haɗe da jikinka ba tukuna. Ka ɗauka akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafar nan."

"Shi da ƙafa mai nauyi?" in ji matarsa. "Ku tambayi totur ɗin motarsa."

"Birki a cikin ruwan sama wa ke taka miki shi a hankali?" in ji Direba.

Ya dafa ƙarfen, ya miƙe, ya sauke yatsun ƙafar a kan siminti a sannu. Ya tsaya yana jiran zafin da ya saba ji. Shiru.

"Ke, kina gani kuwa? Ina tsaye!"

Matarsa ta rufe baki da gyale, tana dariya tana hawaye.

"To matsa mini daga hanya," in ji shi. "Bakin taga za ni."