Bangon Alhaji Ƙasimu

Maje bai taɓa kiran kansa magini ba. Sai magina sun tayar da bango sun yi yaɓe, sannan ake aikawa Gyadi-Gyadi a kira shi. In ya zo, ya kan tsaya daga nesa, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana kallo har mai gida ya fara zaton barci ne ya kwashe shi a tsaye. Can sai ya matso, ya sa yatsa cikin ɗanyar laka ya fara ja. Kafin ka ankara dagi ya fito, ga takobi, ga igiyar da ba a gane farkonta balle ƙarshenta. Shekara talatin ke nan yana wannan sana'a, ba ubangida, ba albashi, sai wanda Allah ya turo.

A ranin 1955 Allah ya turo masa Alhaji Ƙasimu na Tarauni, mai awon gyaɗa, wanda ya gina sabon zaure yana son duk mai wucewa ya san an samu. Suka yi ciniki fam huɗu. Alhaji ya miƙa sule goma kafin alƙalami, ya ce sauran sai aiki ya kammala, ya ƙara da goro biyu farare.

Wanda bai taɓa yi wa mai kuɗi zane ba bai san haƙuri ba. Ranar farko Alhaji ya ce a sa masa keke a gefen ƙofa. Maje ya yi keke. Kwana uku Alhaji ya dawo daga birni, ya ga wani ya sa mota a nasa bangon, ya ce shi ya wuce keke. Aka yayyafa ruwa, aka kankare, aka yi mota. Sai ga wani amininsa ya zo ya ce motar ta yi kama da kunkuru, agogo ya fi ɗaukar ido. Aka yi agogo. Maje ya shanye duk wannan, amma ya ce abu ɗaya: abin da ke saman ƙofa a bar masa, ba mai sa masa baki. Nan ya yi kwana tara a kan tsani, rana na dukan ƙeyarsa, yana aiki a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri.

Da ya sauko aka fara zaryar karɓar kuɗi. Ya ratsa gonaki da sassafe ya je Tarauni, a ce Alhaji ya tafi wajen awo. Ya koma da la'asar, a ce yanzun nan ya shiga ciki. Ranar da ya yi sa'a ya tarar da shi a zaure, Alhaji ya tarbe shi da fara'a har da shimfiɗa masa buzu.

"Malam Maje, ai kai ne da riba," in ji shi. "Duk wanda ya wuce sai ya tambaya wa ya yi wannan. Sunanka nake yaɗa maka kyauta."

"Na gode, Alhaji. Sai dai sunan ba ya tuƙuwa a tukunya."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Kai ma dai! To mene ne a ciki? Ba tubali ka ɗauka ba, ba azara ka sara ba. Yatsa ne fa kawai ka sa a laka. Ka dawo ranar Laraba."

Wannan maganar ta fi rashin biyan ƙona wa Maje rai. Yatsa kawai! Ya taho gida yana maimaita ta, kowace maimaitawa sai ta ƙara ɗaci.

Amma fa Maje ba a banza yake ba, yana da abin riƙo. Zanen laka ba ya tsallake damina sai an shafe shi da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a jiƙa a kwaɓa da jar ƙasa. Ita ke hana ruwa cin bango. Tun yana koyo maigidansa ya gaya masa kada ya kuskura ya shafa makuba kafin a sallame shi, domin da zarar mai gida ya ga hadari, da kansa zai biyo shi da kuɗi a hannu. Kuma magina na wannan yanki ba sa taɓa aikin da ba a sallami mai shi ba. Don haka Maje ya bar bangon Alhaji tsirara, ya zauna jira.

Matarsa Huraira ita ta fi kowa tsayawa a kan wannan. Mace ce mai magana ɗaya, wadda ta aurar da 'yarsu Maimuna a Daurawa ta kuma ga jikoki, ba ta da sauran tsoron kowa.

"Malam, na san ka," ta ce. "Zuciyarka kamar man shanu a rana take. In ka taka Tarauni da makuba ba a biya ka ba, kada ka dawo ka ce mini yunwa kake ji. Hatsin da ya rage a rumbu ba zai kai mu girbi ba, ka san da haka."

"Wa ya ce zan je?"

"Idonka ya ce."

Laraba huɗu suka wuce. Bazara ta kankama, zafi ya yi zafi, kuka ta fara toho. Abin da Maje bai lissafa da shi ba shi ne, Alhaji Ƙasimu ma ya iya jira, kuma shekarun da ya yi yana ciniki da manoma sun koya masa gane wanda zai fara karaya.

Wata ranar Asabar bayan azahar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashe faifai da tsummoki, aka yi tsawa biyu, aka yi yayyafin da bai ko kwantar da ƙura ba, hadarin ya wuce kudu. Maje yana tsaye a tsakar gida tun farkonsa har ƙarshensa, kansa a sama, leɓensa na motsi. Da Huraira ta kawo masa fura ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ruwan fari ɗaya mai ƙarfi ya isa ya mayar da aikin kwana tara jan ruwa mai gangarowa a kan dakali.

"Bango nawa ka yi a duniya?" ta tambaye shi. "Wasu sun rushe, wasu an sake su, ban taɓa ganin ka ƙi fura a kansu ba. Me ke cikin wannan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa.

Washegari da hantsi ya ji daka a bayan ɗaki, dakan da ba na hatsi ba. Ya leƙa. Huraira tana yin daddawar sayarwa, kuma lokacin ɗorawa ne, ɓawon ya taru mata tuli guda. Shi take kirɓawa a tsohon turmi, ga wata babbar tukunya a gefe an riga an jiƙa wani tun jiya.

"Kada ka ce mini komai," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ba don Alhaji na yi ba. Na gaji da ganin tsoho yana ramewa a kan laka. Kuma da ni za a je, in ga bangon da ya fi tuwona."

A duk zamansu ba ta taɓa ganin aikinsa a jikin gini ba, sai abin da yake zanawa da tsinke a ƙasa in yana tunani. Ranar Litinin da safe ta yafa mayafi, ta ɗora tukunyar a ka, shi kuma ya saɓa tsani. Suka bi hanyar gonaki, manoma na ta sharar gona suna yi musu sannu. Tana tafe tana mita, yana tafe yana cewa to.

Da suka sha kwanar gidan sai mitar ta ɗauke. Ta sauke tukunyar a hankali. Ba ta kalli mota ba, ba ta kalli agogo ba. Saman ƙofa ta kafa wa ido: jinjirin wata ne a tsakiya, sarƙa mai ƙulli bakwai ta zagaye shi, ƙulli na bakwai ya ɗan karkace ya jingina da ɗan'uwansa.

"Malam," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan ai ƙwaryar Inna ce."

Ƙwaryar ita ce wadda mahaifiyarta ta zana mata da wuƙa mai zafi lokacin aurenta, hannunta ya goce a ƙullin ƙarshe, ta ce a bar shi haka. Shekara biyu bayan rasuwar tsohuwar, Maje ya shigo da tsani a kafaɗa, ya juya, ya make ƙwaryar daga inda take rataye, ta tarwatse. Huraira ta tsince gutsattsarin ta yi kukanta ita kaɗai, ba ta taɓa yi masa gori ba. Shi kuma bai taɓa iya ba ta haƙuri yadda ya kamata ba, bakinsa ba ya iya irin wannan.

"Na daɗe ina neman bango mai faɗin da zai ɗauke ta," ya ce. "Ban samu ba sai nan."

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

Ana haka Alhaji Ƙasimu ya fito daga zaure yana gyara hula. Da ya ga tukunyar makuba sai ya yi murmushin wanda lissafinsa ya fita daidai. Huraira ta koma gefe ta juya baya.

"A'a, Malam Maje! Ai na san ba za ka bar mu ruwa ya cinye ba." Ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofa. "To bari in gaya maka gaskiyar abin da ya riƙe ni. Baƙi sun yi ta nuna mini, wancan ƙullin na ƙarshe a karkace yake. Aiki mai aibi ba a biyan sa cikakke. Tunda ga tsani, hau ka miƙar da shi kafin ka shafa, yau ɗin nan in ba ka kuɗinka cif, ga su a aljihu."

Ya buga aljihun, kuɗin suka yi ƙara. Wannan karon da gaske yake, Maje ya gani a fuskarsa. Aikin bai fi na shan ruwa ba: a jiƙa, a kankare, a ja da yatsa. Ya tuna rumbu, ya tuna watannin da ke gaba kafin sabon gero. Ya juya ya dubi bayan matarsa, matar da ta rantse ba zai ci tuwo ba in ya dawo hannu wofi.

Ba ta juyo ba. Ta dai yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Kada ka taɓa shi."

"Huraira, hatsin fa?"

"Zan ƙara daddawa. Hau ka shafa."

Maje ya jingina tsani. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, haka zanen yake." Alhaji ya fara faɗa, yana kiran mutane su zo su ga taurin kai, amma Maje ya riga ya kai mataki na huɗu. Huraira ta matso ta dafe ƙafar tsanin da hannu ɗaya, ta miƙa masa kaskon makuba da ɗayan. Ya tsoma yatsu, ya fara da ƙulli na bakwai, yana bin karkacewarsa a hankali don kada ya cike ta.